Yadda Ake Bin Salsalar Dangi a Meksiko, Har Zuwa Afirka da Sifaniya

Duk wanda zai bi salsalar wani gida na Meksiko, abu biyu zai riƙe a hannu kafin ya buɗe kwamfuta: cikakken sunan wani tsoho na gidan da aka haifa kafin 1930, da sunan garin da aka haife shi. Garin ma ya fi sunan muhimmanci. Ƙasar tana da jihohi 31 da babban birni, ƙananan hukumominta sun haura 2,400, jihar Oaxaca kaɗai tana da 570, kuma kowane tsohon littafin haihuwa da aure da mutuwa an rubuta shi ne da sunan garinsa. Wanda ya ce maka kakansa mutumin Jalisco ne, jiha ya faɗa maka, da sauran aiki.

'Ya'yana ne suka sa ni cikin wannan bincike. Mahaifiyarsu 'yar Meksiko ce, danginta na uwa daga yankin Córdoba a jihar Veracruz, na uba kuma daga tuddan Jalisco. A gidansu lissafin kakanni ya tsaya ne a kan kakan-kaka, sai wata magana da ake ta nanatawa, wai "kakanmu daga Sifaniya ya zo". Gidaje da yawa a ƙasar suna da wannan kakan a bakinsu. Kakar da jininta ya fito daga Afirka kuwa da wuya ka ji an ambace ta, alhali tana nan rubuce a littafin coci, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Fara da tsofaffin gida tun suna da rai. Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin bikin tunawa da mamata, sun fi kowane lokaci dacewa, domin a sannan ake fito da hotunan waɗanda suka rasu a jera su kan teburi da furanni da kyandir, dangi su taru, baki ya buɗe. Ka zauna kusa da wadda ta fi kowa shekaru, ka sa doña a gaban sunanta kamar yadda suke girmama manya, ka riƙa ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wane ne wannan, ɗan wa, a wace coci aka ɗaura masa aure, ina aka binne shi. Ka duba bayan hoton, akan sami suna da shekara. Sunan da ake kiran mutum da shi a gida ba shi ne na takarda ba. Pancho Francisco ne, Chucho Jesús, Nacho Ignacio, Concha Concepción, Chabela Isabel. Ga kuma José da María da ake liƙa wa kusan kowa, har ka tarar da 'yan'uwa mata biyar duk María, sai suna na biyu ya raba su.

Tsarin sunan danginsu yana sauƙaƙa aiki. Mutum kan ɗauki biyu, na uba sannan na uwa: uba García, uwa López, ɗansu García López. Mace ba ta yar da nata don ta yi aure, shi ya sa ɓangaren mata ba ya saurin ɓacewa. Amma a ƙarni na 19 tsarin ya zauna da gindinsa. Kafin nan mutum na iya ɗaukar sunan kakarsa, ko na ubangidansa, ko ya rayu ya mutu ba shi da sunan dangi ko ɗaya.

Daga bakin tsofaffi sai takardun hukuma. Shugaban ƙasa Benito Juárez ya kafa ofishin rajistar jama'a, Registro Civil, da dokar 28 ga Yuli 1859, lokacin da gwamnatinsa ke zaune a Veracruz. Takardar haihuwa ta wannan ofishi cike take: sunan uba da uwa, shekarunsu, sana'ar uba, garin da kowannensu ya fito, sau da yawa har da kakanni huɗu da bayanin ko suna raye. Takarda ɗaya sai ta haura da kai hawa biyu. Sai dai jama'a sun daɗe suna ɗari-ɗari da ofishin, sun fi sakin jiki da coci, don haka littattafan shekarun farko a garuruwa da yawa ba su ƙunshi kowa ba. An ɗauki hoton yawancinsu, suna kan shafin intanet na FamilySearch kyauta. A can kuma akwai ƙidayar 15 ga Mayu 1930, gida-gida, da sunan kowa da shekarunsa da irin aurensa, na coci ne ko na hukuma ko zaman tare. Takardun babban birni ba sa ciki. In dangin sun taɓa ƙetarawa Amurka, katunan shiga na kan iyaka, na El Paso ko Laredo ko Nogales, sukan faɗi garin haihuwa da sunan ɗan'uwan da aka bari a gida.

Gundarin aikin yana cikin littattafan coci. Babban taron cocin Katolika na Trent, wanda aka kammala a 1563, ya wajabta wa kowane fada, wato limamin coci, ya riƙa rubuta baftisma da aure, kuma akwai majami'u a Meksiko da littattafansu suka faro tun ƙarni na 16. Kada ka dogara ga akwatin neman suna shi kaɗai. Ba dukkan shafuka aka kwashe sunayensu ba, waɗanda aka kwashe ma akwai kurakurai, kuma abin da muke nema sau da yawa shi ne abin da mai kwashewar ya tsallake. Ka shiga ta hotunan kai tsaye: jiha, ƙaramar hukuma, coci, littafi, ka riƙa juya shafi da kanka. Ƙauyuka da gonaki ba su da littafi nasu, sai ka gano cocin da ke kula da su a wancan zamanin. Ka kuma tuna garuruwa sun canja suna: Morelia ta yau Valladolid ce har zuwa 1828.

Rubutun baftisma tsarinsa ɗaya ne, in ka karanta goma ka iya na dubu ko da Sifaniyancinka bai yi ƙarfi ba. Fada zai fara da sunan coci da kwanan wata, ya ce ya yi wa jaririya 'yar kwana kaza baftisma, ya sa mata suna kaza, 'yar wane da wance, mazauna gona kaza, sannan ya ambaci padrinos, wato waɗanda suka tsaya mata, ya sa hannu. Za ka saba da gajarcewarsu: Jph Joseph ne, Ma. María, h.l. ɗan aure. Inda ka ga padres no conocidos, an ɓoye iyayen ko ba a san su ba. A gefen hagu na shafin, ƙarƙashin sunan jaririyar, akwai kalma ɗaya ko biyu da ƙaramin rubutu. Nan idonka zai tsaya.

Wannan kalmar ita ce ajin da aka sa mutum a zamanin mulkin Sifaniya. Español Bature ne ko wanda aka ɗauka Bature. Indio ɗan asalin ƙasa. Mestizo ɗan waɗannan biyun. Negro da moreno baƙar fata. Mulato da pardo mai jinin Afirka gauraye da na Bature ko na ɗan ƙasa. Lobo galibi ɗan baƙar fata da 'yar ƙasa. Akwai morisco, wadda ke ruɗar mu musamman, domin a Sifaniya ana faɗarta ne ga Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, amma a littattafan Meksiko ɗan Bature da mulata ake nufi. Bayan kalmar akan ƙara libre, ɗa ne, ko esclavo, bawa.

A majami'u da yawa littafin ma daban-daban ne: na españoles, na indios, da na castas, inda ake zuba baƙaƙe da gauraye duka. Nan mutane da yawa ke tsayawa. Su duba littafin Turawa, su rasa kakansu, su ce takardu sun ɓata, alhali yana cikin littafin da ke kusa. Duk shekarar da kake nema, ka bi littattafan uku.

Akwai shekarar da dole ka haura kafin ka ga wannan kalma. Ranar 17 ga Satumba 1822, shekara guda bayan samun 'yancin kai, majalisar ƙasa ta hana a riƙa rarrabe 'yan ƙasa da asalinsu a rajista. Niyyar mai kyau ce, kuma tana kan hanya ɗaya da shelar Miguel Hidalgo, wanda ya fara yaƙin neman 'yanci, ta soke bauta a Guadalajara a Disamban 1810, da dokar shugaba Vicente Guerrero ta 15 ga Satumba 1829 wadda ta kawo ƙarshenta. Amma da kalmar ta ɓace daga gefen shafi, sannu a hankali ta ɓace daga bakin mutane. Ƙasar ta riƙa koya wa 'ya'yanta cewa daga Sifaniyawa da 'yan asalin ƙasa suka fito, aka bar Afirka a waje. Sai a 2015 hukumar ƙidaya INEGI ta tambayi mutane ko suna ɗaukar kansu jikokin 'yan Afirka, aka sami kusan miliyan 1.4. A 2019 aka shigar da su kundin tsarin mulki, ƙidayar 2020 kuma ta samu sama da miliyan 2.5, kashi 2 cikin 100 na jama'a, kasonsu ya fi yawa a jihohin Guerrero da Oaxaca. Waɗannan su ne suka san kansu. Masu jinin da ba su sani ba sun ninka su. Saboda haka abin da za ka sa a gaba shi ne kaiwa ga kakan da aka haifa kafin 1822. Daga wanda aka haifa wajen 1930, hawa huɗu ne ko biyar.

In ka kai, kada ka ɗauki kalma ɗaya ka rufe littafi. Ajin mutum yakan sauya da idon fada, da arzikin mutumin, da wanda ya aura. A dangin matata na Córdoba na sami wata mata da aka rubuta mulata libre ranar baftismarta, a littafin castas, cikin shekarun 1780. Ranar aurenta parda aka sa. Ɗanta da ya tashi aure aka rubuta shi mestizo, jikarta kuma an haife ta bayan 1822, gefen shafinta suna ne kawai. Cikin hawa uku aka shafe ta, ba tare da kowa ya bar garin ba. José María Morelos kansa, jagoran yaƙin neman 'yanci, español aka rubuta shi a baftismarsa a Valladolid a 1765, alhali masana tarihi sun daɗe suna maganar gaurayen jininsa. Shi ya sa nake neman takardun mutum duka, baftisma da aure da mutuwa, da na 'yan'uwansa da suke ciki ɗaya, in jera kalmomin gefe da gefe.

Takardar da ta fi kowace daraja a wurina ita ce información matrimonial. Kafin a ɗaura aure, ango da amarya da shaidu sukan bayyana gaban fada su yi rantsuwa: daga ina suke, shekara nawa suka yi a garin, ko an taɓa aure, wa ya san su tun suna yara. Da ita ake gane inda dangi suka taso kafin su zo garin da ka same su. Shaidun kuma abin lura ne, domin bawan da aka kawo daga Angola yakan kawo shaidu 'yan Angola, wani ma ya ce jirgi ɗaya ya kawo su. Idan ma'auratan 'yan'uwa ne, sai sun nemi izinin bishop, a fayil ɗin kuma akan zana yadda suka haɗu, hawa uku ko huɗu. A tuddan Jalisco, inda auren zumunci ya yi yawa, waɗannan fayiloli sun rage mini aiki ƙwarai.

Ranar da ka ga esclava kusa da sunan wata kaka, hanya ta sauya. A dokar lokacin ɗa yana bin cikin da ya haife shi: uwa baiwa, ɗa bawa, ko wane ne ubansa. Fada yakan rubuta sunan ubangidanta, daga nan kuma takardun ubangidan za ka bi, domin a cikin dukiyarsa aka lissafa ta. Kundin magatakardan hukuma, escribano, shi ne wurin: takardun sayarwa, na 'yantawa da fansar kai, wasiyyoyi, kayan da amarya ta shigo da su gidan miji, da ƙididdigar gonakin rake inda ake jera bayi iyali-iyali da shekarunsu. Na Xalapa da Córdoba da Orizaba suna hannun Jami'ar Veracruz. Ka shirya ranka kafin ka buɗe su. Za ka ga mutum da shekarunsa da tabon jikinsa da kuɗinsa, peso ɗari uku ko huɗu, a shafi ɗaya da alfadarai da tukwanen dafa sukari. Ni ban taɓa karanta irin wannan shafi raina bai ɓaci ba, kuma ina ganin wanda ya same shi ya wajaba ya kwafe sunan kowane bawa da ke ciki, ko ba danginsa ba ne, ya sa inda wani mai nema zai gani.

A waɗannan takardu ne Afirka ke fitowa da suna. Criollo bacucane ne, an haife shi cikin bauta a can. Bozal sabon kawowa ne, kuma akan ƙara ƙasarsa: Angola, Congo, Bran, Biafara, Jolofe, Mandinga, Zape, Arará, Carabalí. Ka karanta su da hankali, domin sau da yawa yanki ne mai faɗi ko tashar da aka loda mutum, ba lallai ƙabilarsa ba. Kimanin mutum dubu 200 aka kawo, galibi ta tashar Veracruz. Na farkon ƙarni na 16 sun fi fitowa daga Senegambiya da gaɓar Gini. Daga 1580 zuwa 1640, lokacin da sarki ɗaya ke mulkin Sifaniya da Fotugal, fataken Fotugal suka riƙe cinikin, mafi yawa kuma daga Angola da Kongo aka kwaso su. Bayan 1640 shigowar ta ragu sosai. Wato kakan da aka haifa a Afirka yawanci yana can cikin shekarun 1600, hawa goma ko fiye, kuma kaɗan ne ke kaiwa gare shi da takarda. Wanda ya tsaya a kan mulata libre ta 1780 ya riga ya sami abin da gidansu ya manta.

Kada kuma ka ce danginka ba na bakin teku ba ne don haka babu ruwanka. Gaskiya ne a yau an fi ganin al'ummar a Costa Chica, gaɓar tekun Guerrero da Oaxaca, garuruwa irin Cuajinicuilapa da Collantes, da kuma Veracruz, inda akwai Coyolillo da Mandinga da garin Yanga, mai sunan Gaspar Yanga wanda ya jagoranci bayin da suka gudu cikin duwatsu, ya yi yaƙi da sojan Sifaniya a 1609, har daga baya aka amince da garinsu na 'yantattu. Amma an kai 'yan Afirka ma'adinan azurfa na Zacatecas da Guanajuato da Taxco, da masaƙun Puebla da Querétaro, da gonakin rake na Cuautla da Cuernavaca, da kiwon shanu a Michoacán da Jalisco, da gidajen attajiran babban birni. Ba kuma duka bayi ba ne: Juan Garrido, baƙar fata ɗa, yana cikin rundunar Hernán Cortés da ta ci ƙasar da yaƙi don Sifaniya, kuma a ƙarshen mulkin mallaka mafi yawan masu jinin Afirka 'yantattu ne. Don neman su, ka duba ƙidayar da gwamna Revillagigedo ya sa aka yi tsakanin 1790 da 1793, wadda ta jera pardos da morenos gida-gida a yankuna da yawa saboda aikin soja. Tana babbar taskar tarihi ta ƙasa, Archivo General de la Nación, a tsohon kurkukun Lecumberri. A can ma akwai fayilolin kotun addini ta Inquisición, wadda aka kafa a Meksiko a 1571, inda wanda ake tuhuma yakan jero iyayensa da kakanninsa da bakinsa.

Ɓangaren Sifaniya ya fi sauƙi, in ka kiyaye abu ɗaya. Español a littafin coci ba ya nufin an haifi mutum a Sifaniya. Mafi yawansu a Meksiko aka haife su, iyayensu ma haka. Wanda ya ƙetaro teku akan rubuta masa europeo, ko natural de los reinos de Castilla, fayil ɗin aurensa kuma yakan faɗi ƙauyensu da lardinsu. Da wannan ƙauye za ka je shafin PARES na gwamnatin Sifaniya, inda aka sa takardun taskar Archivo General de Indias ta Seville. Tun 1503 aka kafa Casa de Contratación, ofishin da ke ba da izinin tafiya, takardun izinin kuma suna ɗauke da sunan iyaye da garinsu. Da yawa sun hau jirgi ba izini, a matsayin ma'aikatan jirgi ko barori ko a ɓoye, don haka rashin sunan mutum a jerin ba hujja ba ce. Na farko sun fi fitowa daga Andalus da Extremadura da Castilla, a ƙarni na 18 kuma 'yan arewa, Basque da mutanen Cantabria, suka yi yawa. In kakan na kusa ne, ka duba katunan rajistar baƙi da aka fara a 1926, da jerin 'yan gudun hijirar yaƙin basasar Sifaniya da shugaba Lázaro Cárdenas ya karɓa, irin waɗanda jirgin Sinaia ya sauke a Veracruz a Yunin 1939. Masu sayar da tambarin dangi bisa suna kawai, ka rabu da su. Sunan Sifaniya bai tabbatar da jinin Sifaniya ba, tunda 'yan ƙasa da bayi duk sun ɗauke shi wajen baftisma.

Gwajin ƙwayoyin halitta yana taimakawa, amma a bayan takarda nake sa shi. Yawancin 'yan Meksiko sukan ga ɗan kaso na Afirka, ya fi yawa a gaɓar Guerrero da Oaxaca da Veracruz. Kason yana raguwa da rabi kowane hawa, don haka kaka ɗaya a hawa na shida kusan kashi 1.5 cikin 100 take bari, wani lokaci ma ba ta barin komai. Kason Arewacin Afirka yawanci ta Sifaniya ya biyo, daban yake da na kudu da Sahara. In za a gwada mutum ɗaya a gida, a gwada mafi tsufa. Amfaninsa babba shi ne 'yan'uwa na nesa da zai haɗa ka da su, waɗanda wataƙila suna riƙe da hoto ko sunan garin da ya ɓace muku.

Za ka ci karo da giɓi. An ƙone littattafai a wasu garuruwa lokacin juyin juya halin da ya fara a 1910, daga 1926 zuwa 1929 kuma, lokacin yaƙin Cristero, an dakatar da ibada a majami'u, aka riƙa baftisma a ɓoye cikin gidaje, wasu sai bayan shekaru aka shigar da su littafi. In ka rasa shekara, ka duba shekarun da ke bayanta, da cocin da ke maƙwabtaka, da taskar bishop na yankin, sannan ka bi ta kan ƙane ko yayar wanda kake nema, tunda iyayensu ɗaya. Duk abin da ka samu ka rubuta sunan coci, sunan littafi, shekara, lambar shafi da lambar hoto, ka kwafi kalmar gefen yadda fada ya rubuta ta, harafi da harafi, kafin ka matsa zuwa hawa na gaba.